Talotalon da Ya Maido Ni Gida

Tun da na dawo daga Riyad ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk inda na zauna a tashar Jibiya sai wani ya matso ya ce, "Lawali, wai da gaske talotalo ne ya koro ka daga Saudiyya?" Na gaji da maimaitawa, kuma kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Shekaranjiya na ji wai tsuntsun ya karya mini haƙarƙari biyu. Don haka zan rubuta sau ɗaya, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Ni maharbi ne, ɗan maharbi. Mahaifina shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu, kuma da ya rasu abu uku ya bar mini: bindigar toka, da burtu, da doka guda. Ga yaran yanzu da ba su san burtu ba, kan tsuntsu ne na itace mai dogon wuya, an naɗe shi da fata. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana gyaɗa kai kamar mai kiwo, har ya isa kusa da nama. Dokar kuwa ita ce, ranar da zabin daji suka daina yawo garke-garke suka rabu biyu-biyu, a rataye bindiga sai kaka. Yakan ce, "Mai neman aure ba ya cikin hankalinsa, kuma ba a harbin wanda ba ya cikin hankalinsa."

Daji ya lalace, kowa ya san yadda aka yi. Bindiga na miƙa ta ga hukuma, gona ta gagari zuwa, muka tattaro muka dawo cikin gari ni da matata Dije da yara biyar. Shekara huɗu ina dakon buhuna a tasha. Burtu yana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi masa rawani.

Ana cikin haka Habu ya kira. Habu ƙanen Dije ne, ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani Balarabe a Riyad. Ya ce, "Yaya Lawali, abincinka ya faɗi. Maigidana yana da gona, yana neman maharbi. Na ce masa mijin yayata bai taɓa ɓarar da harsashi ba. Wata uku na gwaji, in ya gamsu ya yi maka iƙama, wato takardar izinin zama, shi ke nan, ka zama mai kula da gona."

Na ce, "Wane nama ne ya dame shi?"

Ya ce, "Talotalo."

Na duba wayar, na mayar kunne. Na ce, "Habu, a garinmu talotalo ba a farautarsa. Dawa ake watsa masa."

"Kai dai ka zo. Ka taho da burtu, amma don Allah ka bar layu a gida, ko guda kada ka sako. Nan ba a wasa da wannan."

Dije ce ta kwance layun da hannunta, ta zuba a tsohuwar tukunya ta rufe. Sannan ta zagaya unguwa ta sanar da kowa mijinta zai tafi Saudiyya aiki.

A Kano na yi kwana tara. An ɗebi jinina sau biyu, an ɗauki hoton ƙirjina, an sa na danna yatsu goma a wani gilashi. Likita ya tambaye ni sana'ata, na ce farauta, ya rubuta "manomi". Ban yi gardama ba, don shi ke riƙe da biro. A jirgi kuwa na zauna kusa da wata hajiya mai sayar da turare, wadda ta yi zuwa ashirin. Ita ta ɗaure mini ɗamarar kujera, ta cinye cukuna da ta ga ina jujjuya shi, ta kuma gargaɗe ni kada in gaida kowa da hannu a cikin lifta.

Matsala ta farko a filin jirgin Riyad ta same ni. Jakata ta shiga na'ura ta fito, sai aka ware ta gefe. Wani matashin jami'i mai tsabta ya zaro burtu da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama. Ya yi magana, ban gane ba. Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Kalma ɗaya na tsinta cikin zancensu, sihiri, sai na tuna gargaɗin Habu kan layu. Aka nemo wani mai shara, mutumin Maraɗi, ya yi tafinta. Na yi bayani, ya juya, suka ƙara kallona. A ƙarshe mutumin Maraɗi ya ce, "Ɗan'uwa, sun ce ka gwada."

Haka na ɗaura burtu a goshi, na yafa rigata, na durƙusa a kan tayil mai sheƙi, na yi rarrafe daga teburinsu zuwa kwandon shara ina gyaɗa kai. Shekarata arba'in da shida. Babu wanda ya yi dariya sai da na miƙe. Na ukun ya dafa kafaɗata ya ce, "Ahlan," aka buga mini hatimi.

Habu ya sauke ni a Al-Oud, tsohuwar unguwa kusa da kasuwar Bata, a wani ɗaki na mutum shida. Taga ɗaya ce, tana kallon katangar maƙabarta. Habu ya ce maƙwabtan ba su da hayaniya. Huɗu daga cikin mutanen ɗakin masu aikin gini ne, suna fita kafin in farka. Na biyar, Malam Isufu mutumin Damagaram, shi ke tuƙa tuwo ranar Juma'a da garin da ba na dawa ba, ba na masara ba, amma in ka rufe ido ka sa kuka da yawa, zuciya takan yarda. Sauran kwanaki kabsa ce, shinkafa da kaza a faranti ɗaya. Kazar tasu ƙatuwa ce, laushi kamar burodi, ƙashinta ma ba ya gardama. Na ce wa Malam Isufu wannan kaza ba ta taɓa gudu ba a rayuwarta. Ya ce, "Mu ma da muka zo nan don mu daina gudu muka zo."

Rana ta huɗu muka tafi gona. Mun bi ta Dir'iyya, inda na ga abin mamaki: manyan injina da ɗaruruwan leburori suna gina gidajen laka. Mu a gida mutum yana samun sarari yake rushe laka ya sa bulo, su kuma da suka ƙoshi sun koma kwaɓa ƙasa. Na nuna wa Habu, ya ce in bari, ba zan gane ba.

Gonar tana cikin wani kwari, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gari. Dabino ne birjik, da ciyawar dabbobi, da dogayen itatuwa a bakin kwarin, an zagaye duka da waya. Maigidan, Abu Nasir, mutum ne mai fara'a da ƙaton agogo. Ya tarbe ni a tanti, aka kawo gahawa a ƙoƙon da bai fi murfin kwalba ba. Ina shanyewa a ƙara. A gida in an ba ka ba ka ƙi, don haka na yi ta karɓa. Sai a na goma sha ɗaya Habu ya raɗa mini cewa girgiza ƙoƙon ake yi in an ƙoshi. A lokacin hannuna ya riga ya fara girgiza da kansa.

Abu Nasir ya yi karatu a Amurka, a can ya kamu da wannan farauta. Ya ce a can talotalo na daji ne, kuma ana farautarsa a lokacin da Larabawa ke kira rabi'i, wato sanyi ya tafi zafi bai kankama ba, daidai lokacin da mazan ke neman mata. Maharbi zai ɓuya da asuba, ya yi kukan mace, namiji ya taho yana taƙama, a harbe shi. Ya ɗauko wani ɗan akwatin katako mai murfi, ya goga murfin, sai ga kukan macen talotalo sak. Da ya dawo gida ya sayo tsuntsaye ya sake su a kwarin, shekara shida ke nan, suna ta hayayyafa ba mai ba su ko ƙwayar hatsi.

Yana da nasa ka'idojin, kuma yana ji da su. Ba ya harbin mace. Ba ya harbin saurayin da gemun ƙirjinsa bai kai tsawon yatsa ba. Ba ya harbin tsuntsu a kan bishiya. Wanda yake so guda ne, wani tsohon namiji mai gemu har yana jan ƙasa, da suka sa wa suna Shaiba. Shekara uku yana binsa. Shaiba ya haddace akwatin. Yana jin kukan sai ya amsa cikin ladabi, ya juya ya nufi wani wajen.

A gefen tantin akwai wani tsoho zaune, baffan Abu Nasir, siriri kamar sanda. Shi da shaho ya yi farautarsa a zamaninsa. Ya yi wata magana gajera, Abu Nasir ya ɓata fuska. Na tambayi Habu, ya ce, "Wai a zamaninsu in rabi'i ya shigo ɗaure shaho ake yi. Wai wanda ke kiran tsuntsu da muryar matarsa ba maharbi ba ne, dillalin aure ne." Habu ya ƙara nasa ra'ayin ba a tambaye shi ba. "Ni dai, Yaya, nama nama ne. In ya shiga tukunya ba ya tuna wane wata ne."

Na ji maganar tsohon har cikin raina, don ta yi kama da ta mahaifina. Amma na riga na shirya amsa tun a jirgi. Na ce wa kaina dokar Baba ta naman daji ce, talotalo kuwa kazar gida ce mai girman kai. Doka ba ta hau kansa ba.

Kwana uku na roƙa in yi kallo kawai, ba bindiga. Nan amsata ta fara tsagewa. Shaiba a kan doguwar bishiya yake kwana, kuma ba ya maimaita reshe. Ba ya sauka sai ya gama duba kwarin kaf. Mata bakwai yake kiwo, in suna ci shi kansa a sama yake. Na watsa masa dawa a hanyarsa don in gwada maganata, ya zo ya tsaya, ya dubi dawar, ya dubi sawun takalmina, ya kewaye da iyalinsa. Rana ta uku na ga yanyawa ta laɓaɓo wa wata mace da ke kwance cikin ciyawa. Shaiba ya taso mata da ƙafa da fiffike, ya bi ta har waya. Na yi shekara talatin a daji, na san ɗan daji in na gan shi.

Na faɗa wa Habu da yamma muna wanke mota. Na ce, "Wannan tsuntsu ba na gida ba ne. Kuma lokacin aurensa ne."

Ya ajiye tsumma. "Yaya Lawali, kai da kake ɗaura kan itace kana yaudarar barewa, yau kai ne mai tausayi?"

Na ce, "Burtu cewa yake ni maƙwabci ne, wucewa zan yi. Bai taɓa cewa ni matarka ce ba."

"To ai da burtun za ka je, ba da akwati ba. Ma fi mushkila, ba matsala. Ka tuna Yaya Dije, ka tuna yara biyar. Harbi ɗaya ne tsakaninka da iƙama."

Gaskiya ya faɗa, kuma na kama ta hannu biyu. Da burtu zan je, kamar yadda Baba yake zuwa. In na isa kusa da shi da dabarata, to farauta ce.

Da asuba bayan salla Abu Nasir ya miƙo mini bindigarsa mai baki biyu, mara nauyi kamar ta wasa. Ya ce shi ya sallama, in dai Shaiba zai faɗi a gonarsa, ko hannun wa ne. Shi da baffansa da Habu suka hau kan tudu da madubin hangen nesa. Na ɗaura burtu, na lulluɓa, na durƙusa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Shekara huɗu gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba sai a salla da filin jirgi. Ƙamshin ciyawa mai raɓa, da nauyin itacen a goshina, da yadda wuya ya tuna gyaɗawa ba tare da na umarce shi ba, sai na ji hawaye na neman zuwa. Na yi rarrafe, in tsaya, in yi kamar ina tsattsaga ƙasa, in ƙara gaba. Matan suka ɗaga kai suka dube ni, suka ci gaba da kiwo. Burtun Baba ya ci Saudiyya.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a wancan kwari ba a taɓa ganin burtu ba. A dajinmu kowace dabba ta san tsuntsun burtu, ta san ba ruwansa da kowa. Shaiba kuwa abin da ya gani shi ne wani baƙin ƙato mai jan wuya yana matsowa kusa da matansa.

Ya yi wani kuka da na ji a haƙorana. Ya buɗe wutsiya kamar faifai, ya saki fikafikai suna jan ƙasa, kansa ya koma ja wur. Tsuntsun da ya ƙi akwati shekara uku, ya ƙi dawa, ya san sawun takalmi, shi ne ya taho kai tsaye, a fili, ƙirji a gaba. Taku ashirin. Taku goma. Na ɗaga bindiga a ƙarƙashin zane, bakinta ya fito fili, ƙarfe yana ƙyalli. Jiya da ya hango wannan ƙyalli daga nesa da tuni ya bar kwarin. Yau ko kallonsa bai yi ba.

A nan na gane ba dabarata ce ta kawo shi ba. Ba ya cikin hankalinsa. Yatsana yana kan kunama, na tuna Dije, na tuna buhunan tasha, na ga iƙama kamar in miƙa hannu in ɗauka. Na ce wa yatsan ya danna. Wallahi na ce masa. Sai na ji na kwantar da bindigar a ciyawa.

Shaiba bai gode ba. Ya yi tsalle ya sauke ƙafa biyu a kan burtu, ya sassare shi, ya fige fatar wuyan, ya mare ni da fiffike a kunne. Na kwanta na rufe fuska har ya gamsu. Sannan ya zagaya ni sau biyu, ya tattara matansa suka tafi ba gaggawa. Haƙarƙarina lafiya lau, ga masu tambaya.

Da na hau tudun, tsohon yana dariya har da riƙe ciki. Abu Nasir bai yi dariya ba. Ya tambaya ko bindigar ce ta ƙi tashi. Habu ya yi saurin cewa, "Yaya, ka ce ta ƙi tashi. Ka ce rana ta shiga idonka. Gobe sai a sake." Na ce ya faɗa masa bindiga lafiyarta ƙalau, ni ne na ƙi, kuma gobe ma haka ne, amma in ya bari sai kaka, zan kawo masa Shaiba. Habu ya yi doguwar magana da Larabci, wadda ta fi tawa tsawo sau uku. Ban san me ya ƙara ba, amma tsohon ya katse shi, ya nuna bindigar, ya nuna ni, da alama ya gyara fassarar.

Abu Nasir ya amsa a natse. Ya ce ya girmama al'adata. Ya ce amma da kaka Shaiba ba ya buɗe wutsiya, ba ya kuka, kaza ce kawai babba, shi kuma ba nama yake nema ba. Ya ce mai kula da gona mutum ne da in an ce ya yi, zai yi. Ban ga laifinsa ba. Gonarsa ce, tsuntsunsa ne, kuma bai ɗaga mini murya ba.

Ba a kore ni da wulaƙanci ba. An ba ni kwalin dabino da sabuwar jallabiya da tikiti. Tsohon ya karɓi burtu ya jujjuya, ya shafa inda Shaiba ya fige, ya maido mini da hannu biyu. Habu bai yi mini magana ba tun daga gona har Al-Oud. A filin jirgi ne kawai ya ce, "Ni me zan ce wa Yaya Dije?" Na ce ya bar mini wannan.

Kwana ashirin da uku ke nan da fitata na shigo gida da yamma. Yara suka rufe kwalin dabino. Dije ta kawo ruwa, ta zauna a bakin tabarma, na ba ta labari tun daga filin jirgi har tudu, ban rage komai ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Talotalo?"

Na ce, "Talotalo."

"Irin wanda ke yawo a bayan gidan mai unguwa?"

"Kamarsu ɗaya, amma ba irinsa ba ne. Dije, da kin gan shi. Ko Baba ne a wurin, ba zai harba ba."

Ta daɗe tana kallon jakata. Sannan ta tashi, ta zaro burtu, ta kaɗe masa ƙura da gefen zanenta, ta mayar da shi ƙusarsa da kanta. Tana juya mini baya ta ce, "Na sani, Malam. Amma Baba in ya rataye bindiga, rumbunsa cike yake."

Washegari na koma tasha, kuma duk buhun da na ɗora a kai ina neman amsar da zan ba ta, har yau ban samu ba.